Tazarar ƙuri'a 312: yadda aka yi wata takwas ana neman wanda ya ci kujerar sanata a Minnesota

Duk wanda ya taɓa zama wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe, a cikin garin Tahoua ne ko Ƙonni ko wani ƙauyen Keita, ya san ɓarna ta fi shiga bayan magariba. An zazzage akwati, fitila ta fara rauni, kowa ya gaji, wani na kiran lamba wani na rubutawa a PV, wato takardar sakamakon rumfa. Galibi kuskuren wannan lokacin ba ya cutar da kowa, don tazarar da ke tsakanin ƴan takara takan haɗiye shi. Zaɓen sanata na jihar Minnesota ta Amurka, wanda aka yi ranar 4 ga Nuwamban 2008, ya faɗo inda tazara ba ta iya haɗiye komai. An kaɗa ƙuri'a kusan miliyan 2.9, kuma da ƙura ta lafa, Al Franken yana da 1,212,629, Norm Coleman yana da 1,212,317. Bambanci 312.

A auna da mudun gida. A zaɓen 2020 Nijar na da masu rajista kimanin miliyan 7.4 a rumfuna kusan 26,000, wato in aka raba daidai rumfa guda ba ta kai mutum 300 ba. Abin da ya raba mutanen nan biyu ke nan, jama'ar rumfa ɗaya da ƴan kai. Mun ɗauko lamarin ne don an feɗe wannan zaɓe kamar yadda mahauci ke feɗe sa, daga kai har wutsiya, a gaban jama'a, kuma kowace jijiya an gan ta. Mai koyon aikin rumfa da wuya ya samu makarantar da ta fi wannan.

Kujerar da masu nemanta

Majalisar dattawan Amurka tana da kujeru 100, biyu ga kowace jiha, ko babba ce ko ƙarama. Wa'adi shekara 6 ne, kuma duk bayan shekara biyu ake sabunta kashi ɗaya cikin uku. Mu a nan ba mu saba da sanata ba sai na maƙwabta: Najeriya na da 109, uku daga kowace jiha da ɗaya na Abuja. Kundin tsarin mulkin Tazarce na 2009 ya tanadar mana majalisar dattawa, amma juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ya riga kafa ta. A Amurka jihar gaba ɗaya ita ce mazaɓa, kuma kowace jiha da dokar zaɓenta. Ta Minnesota ba ta san zagaye na biyu ba. Wanda ya fi yawa ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce.

Coleman, ɗan jam'iyyar Republican, tsohon magajin garin Saint Paul, shi ke kan kujerar. Ya same ta a 2002, bayan sanata Paul Wellstone ya rasu a hatsarin jirgin sama ana saura kwana goma sha ɗaya zaɓe. Franken na Democrat ya yi suna ne a wasan barkwanci na talabijin da rubuce-rubuce, bai taɓa riƙe muƙami ba. Na uku, Dean Barkley na wata ƙaramar jam'iyya ta jihar, ya kwashe kusan kashi 15 cikin 100, ya bar manyan biyun kowa da wajen kashi 42. A rana guda ɗin Barack Obama ya ci jihar da tazarar kusan kashi 10, amma mutum sama da 350,000 da suka zaɓe shi ba su zaɓi Franken ba. Da rigar Obama ta ja Franken ko da kaɗan, da babu wannan labari.

Daga 725 zuwa 215

Washegarin zaɓe Coleman yana gaba da 725. Ya yi shelar nasara, har ya ba abokin karawarsa shawarar ya haƙura da sake ƙidaya. Kafin a taɓa ƙuri'a ko ɗaya da hannu, tazarar ta fara zubewa, don gundumomi 87 na jihar suna sake duba abin da suka aika da dare. A wani ƙauye na gundumar Pine an rubuta wa Franken 24 alhali 124 ne. A garin Two Harbors kuskuren shigar da lamba ya ci masa 246. Ranar 18 ga Nuwamba, da kwamitin tantance sakamako na jiha ya zauna, tazarar ta koma 215.

Magoya bayan Coleman sun ga gyare-gyaren duk sun karkata gefe guda, suka ce akwai lauje cikin naɗi. Zargin ba na wauta ba ne, amma takarda ta amsa shi: na'urar kowace rumfa tana fitar da tsirin takarda mai ɗauke da jimilla a daren zaɓe, ma'aikatan rumfa su sa hannu. Kuskuren yana tsakanin tsirin da abin da aka faɗa ta waya ko aka buga a kwamfuta. Daidai da abin da muka sani a zaɓukanmu na baya tsakanin PV na rumfa da takardar tattarawa ta hukumar zaɓe CENI ta ƙaramar hukuma. Wakilin da ya tafi gida babu kwafin PV a aljihu, ranar da 124 ta zama 24 ba shi da bakin magana.

Ƙidayar hannu

Dokar jihar a lokacin ta ce in tazara ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, a sake ƙidaya da hannu, gwamnati ta biya. An fara ranar 19 ga Nuwamba a wurare sama da ɗari. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne a Minnesota kowa a kan takarda yake zaɓe, ya cike ɗan da'irar da ke gefen suna, na'ura ta karanta, takardar kuma a ajiye ta a hatimce. A Faransa, wadda muka gaji yawancin tsarinmu daga gare ta, ƙuri'un da ba a yi jayayya a kansu ba lalata su ake yi bayan ƙidaya, sai masu matsala a liƙa su jikin PV. A irin wannan tsari alƙali takardu yake hukuntawa, ba ya da akwatin da zai sake buɗewa.

Yadda aikin yake a tebur: ma'aikaci ya ɗauko ƙuri'un rumfa guda, ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana rarrabawa gida uku, na Coleman, na Franken, da na saura. Wakilin kowane ɗan takara na zaune yana kallo, amma ba ya taɓa takarda. A ƙirga ashirin da biyar-biyar. In wakili bai yarda da gidan da aka sa wata ƙuri'a ba, sai ya ce ya ƙalubalance ta, a rubuta dalili da sunan rumfa, a ware ta zuwa ga kwamitin jiha. Ma'aunin doka shi ne niyyar mai zaɓe: in ana iya gane wanda yake nufi daga fuskar takardar, ƙuri'a ta ƙirgu, ko da alamar gicciye ya yi, ko ya zagaye suna maimakon cike da'ira. Na'ura ba ta ganin irin waɗannan, ido yana gani. In kuwa ya zaɓi mutum biyu, ko ya sa alamar da za a gane shi da ita, ƙuri'ar ta mutu.

A nan tsarin ya nuna wani rami. Ƙuri'ar da aka ƙalubalanta ana cire ta daga jimillar da ake sanarwa kullum da yamma. Kowane ɓangare ya gane cewa in ya ƙalubalanci ƙuri'un abokin gaba, ko da lafiyarsu ƙalau, jimillar ranar za ta nuna shi a gaba. Sai aka shiga gasar ƙalubale, har adadin ya kai 6,655. Kwamitin ya nuna ɓacin rai, ɓangarorin suka janye yawancinsu. Duk kwanakin ƙidayar nan lambobin da jaridu ke bugawa ba su da wata ma'ana, amma jama'a na ɗaukar su da zafi.

Kwamitin mutum biyar ne: sakataren jiha Mark Ritchie, wanda ɗan Democrat ne kuma shi ke kula da zaɓe, alƙalai biyu na kotun ƙolin jiha waɗanda gwamnan Republican ya naɗa, da alƙalai biyu na kotun gunduma. Daga 16 ga Disamba suka zauna suna duba ragowar ƙuri'un ɗaya bayan ɗaya, ana nuna zaman kai tsaye, hotunan ƙuri'un kuma suna intanet kowa na iya yanke nasa hukunci. Wadda ta fi shahara ita ce ta wani mutum da ya cike da'irar Franken, sannan a layin da aka bari don rubuta sunan wanda ba ya cikin jeri ya rubuta wani sunan wasa mai ma'anar mutanen ƙadangare. Doka ta ce rubuta suna a layin nan zaɓe ne, don haka ya zaɓi biyu. Franken ya rasa ta. Abin dariya ne, sai dai a zaɓen da ake neman ƙuri'a da fitila ba wanda ya yi dariya a ɓangarensa.

Abubuwa uku suka fito a ƙidayar da suka fi ƙadangare nauyi. A Maplewood an tarar da ƙuri'u 171 da ba su shiga lissafin dare ba, don na'urar rumfar ta lalace da rana an sauya ta, ba a sake bi da na farkon ta cikin sabuwar ba. Franken ya ƙaru da 37 a nan. A wata rumfa ta Minneapolis kusa da jami'a, abin ya zo a juye: rajistar masu sa hannu da tsirin na'ura sun nuna akwai ƙuri'u 133 fiye da waɗanda ke kan tebur. An zuba ƙuri'un rumfar cikin manyan ambulan biyar masu lamba, na farkon ya ɓace. An bincike ma'ajiyar birnin ba a gan shi ba. Kwamitin ya yanke a yi amfani da jimillar na'ura ta daren zaɓe a wannan rumfa, abin da ya tsare wa Franken ratar 46. Abin da ya ceci ƙuri'un nan lissafi ne guda biyu da suka yi daidai da juna, yawan waɗanda suka sa hannu da yawan abin da na'ura ta haɗiya. Shi ya sa a rumfa, kafin a warware ƙuri'a ko ɗaya, ake fara ƙirga sa hannu da dangwale na rajista a gwada da abin da ke cikin akwati.

Na uku shi ne kwafi. In ƙuri'a ta yage ko na'ura ta ƙi karanta ta, ma'aikata biyu na jam'iyyu daban sukan cike wata sabuwa daidai da ita, a rubuta wa ta asali lamba, a rubuta wa kwafin lamba ɗaya da ita, kwafin ya shiga na'ura, ta asali a ajiye. Ɓangarorin biyu sun amince tun farko a ƙirga na asali a ƙidayar hannu. To a wasu rumfuna gajiyayyun ma'aikata ba su sa wa kwafin alama ba, ya saje da sauran ƙuri'u. Lauyoyin Coleman suka ce ƙuri'u sama da ɗari an ƙirga su sau biyu. Mai yiwuwa ne, amma kwafin da ba shi da alama ba a iya nuna shi da yatsa, kuma yarjejeniyar da hannunsu a ciki.

Da aka gama wannan duka a ƙarshen Disamba, Franken ne gaba da 49. A lura da lambar nan. In aka cire 46 na ambulan ɗin da ya ɓace, aka ƙara zancen kwafi, 49 ba ta tsaya da ƙafarta. Da a nan aka tsaya, da kotu na iya juya sakamakon da hukunci guda.

Ambulan 12,000

Mutum kusan 300,000 sun yi abin da za mu kira ƙuri'ar aike: wanda ba zai samu zuwa rumfa ba saboda tafiya ko ciwo ya nemi takarda tun kafin ranar, ya cike, ya aika. Ba daidai take da wakilcin da muka sani ba, inda wani ke zuwa ya jefa maka. A nan kai za ka cike da hannunka, ka sa a ƙaramin ambulan marar suna, ka sa ƙaramin cikin babba. A bayan babban akwai sunanka da adireshinka da sa hannunka, da na shaida, wanda a lokacin dole ya kasance mai rajistar zaɓe a jihar ko jami'in da doka ta ba ikon shaida takardu. Ma'aikata biyu su duba bayan ambulan su rubuta an karɓa ko an ƙi. Dalilan ƙi da doka ta lissafa huɗu ne: suna da adireshi ba su dace da na takardar nema ba, sa hannu ba na mai shi ba ne ko shaidar ba ta cika ba, mutumin ba shi da rajista, ko ya riga ya yi zaɓe. An ƙi kimanin 12,000.

Ga inda duk shari'ar ta rataya. Ambulan ɗin da aka karɓa, ana raba shi da ƙuri'ar da ke ciki, ta shiga cikin dubbai, ba mai sake gane ta. In an karɓe shi bisa kuskure, ruwa ya riga ya zube a ƙasa. Wanda aka ƙi kuwa yana nan a rufe da sunan mai shi a baya. Kuskure iri ɗaya ne kawai ke gyaruwa, kuma wanda ya fara gane haka shi ya riga zuwa rijiya.

Ɓangaren Franken ne ya riga. Tun makon farko suka nemi gundumomi su ba su sunayen waɗanda aka ƙi ƙuri'unsu, da gundumar Ramsey ta hana suka kai ta kotu suka samu. Suka bi mutanen gida-gida da waya, suna tattara takardun rantsuwa, suna gane waɗanda nasu ne. Ɓangaren Coleman a lokacin yana gaba, don haka matsayinsa shi ne sake ƙidaya ba ta shafi ambulan da aka ƙi ba. A lissafin mai rinjaye hakan daidai ne. Ranar da rinjayen ya kuɓuce, sai ya zama sun yi asarar makonni shida da abokan hamayya suka yi suna haɗa jeri.

An umarci gundumomi su sake rarraba ambulan ɗin: tuli huɗu na dalilan doka, tuli na biyar na waɗanda ba a ga dalilin ƙin su ba. Na biyar ya tashi 1,346. A ciki akwai wanda ma'aikaci ya ce ba shi da rajista alhali yana da ita, akwai wanda aka aika rumfar da ba tasa ba, akwai wanda ofis ne ya yi kuskuren amma mai zaɓe ya ɗauki hukuncin. Ranar 18 ga Disamba kotun ƙolin jiha, da rinjayen uku da biyu, ta yanke cewa za a buɗe ambulan ne kawai in jami'an gunduma da ɓangarorin biyu duk sun yarda an ƙi shi bisa kuskure. A ganinmu wannan ne hukunci mafi rauni a duk tafiyar. An ba ɗan takara ikon hana ƙuri'ar da hukuma da kanta ta ce halal ce, kuma ba abin da zai hana shi duba sunan da unguwar ya yi hasashen inda ta dosa. Alƙalan da suka ƙi yarda sun faɗi haka tun a ranar. Daga 1,346, guda 933 suka tsallake. An buɗe su ranar 3 ga Janairun 2009: Franken 481, Coleman 305, saura na wasu. Tazara ta tashi daga 49 zuwa 225, kuma ranar 5 ga wata kwamitin ya tabbatar da ita.

A gaban alƙalai uku

Washegari Coleman ya shigar da ƙara. Aka naɗa alƙalai uku daga sassa daban na jihar, shari'a ta fara ranar 26 ga Janairu, ta ci mako bakwai, aka saurari shaidu 142. Yanzu kowa ya sauya riga. Coleman ne ke cewa a buɗe ambulan da yawa, har ya fara da neman a sake duba kusan dukkansu, Franken kuma na cewa a bi doka harafi da harafi.

Kotun ta fara taƙaita abin da zai iya kawowa zuwa wajen 4,800. Ranar 13 ga Fabrairu ta fitar da jerin nau'o'in ambulan da ba za a ƙirga ba ko ta yaya, irin wanda ya iso a makare ko wanda mai shi ba shi da rajista. Sannan ta ɗora nauyin hujja a kan mai nema, kuma ambulan ɗaya-ɗaya: ka nuna mutumin yana da rajista, ka nuna takardar nemansa, ka nuna shaidarsa ya cancanta, ka nuna bai je rumfa ya sake jefawa ba. In ɗaya ta faɗi, ambulan ya faɗi. Lauyan da ya zo da hujjar jimla, yana cewa dubbai an zalunce su, sai ya tarar ana tambayarsa fayil ɗin mutum guda. Wani ƙaramin misali na yadda abu kaɗan ke kashe ƙuri'a: wanda ba shi da rajista ana aika masa takardar rajista tare da ƙuri'a, wasu sai suka cusa ta cikin ƙaramin ambulan na sirri maimakon babba. Ma'aikaci ya duba bai gani ba, ya rubuta an ƙi. Kotu ta sa aka buɗe irin waɗannan a nemi takardar ba tare da an kalli ƙuri'ar ba, kuma kaɗan ne aka samu a cike daidai.

Hujjar Coleman mafi ƙarfi ita ce ta rashin daidaito. Shaidu sun tabbatar gundumomi ba su yi aiki da ma'auni ɗaya ba. Gundumar Carver, inda Republican ke da ƙarfi, takan bincika ko shaidan da ya sa hannu yana da rajista, ta ƙi ambulan in ba shi da ita. Wasu wurare in sun ga adireshin cikin jiha sai su wuce. Ke nan mutum biyu da kuskure iri ɗaya, ɗaya an ƙirga shi ɗaya an ƙi, bisa inda yake kwana. Lauyoyinsa suka ce ko dai a sassauta wa kowa, ko a yarda cewa cikin jimillar akwai ƙuri'un da ma'aunin kotun kanta ya haramta. Magana ce mai nauyi, kuma mu ma mun ɗanɗana irinta a taƙaddamar zaɓe ta hanyar shaidu a 2016: ƙa'idar da aka bar wa shugaban rumfa ya fassara, fassararta takan kai yawan rumfunan. Amsar kotu ita ce kuskuren da aka yi wajen karɓar wasu ba ya halatta a ƙara wasu, bambancin kayan aiki da ma'aikata tsakanin gundumomi ba nuna wariya da gangan ba ne, kuma mai ƙara bai nuna cewa waɗanda aka karɓa bisa kuskure sun canza wanda ya ci ba. Ba zai iya nunawa ba, tunda an riga an raba su da sunayensu.

A ƙarshe kotun ta nemi a kawo ambulan 400, ta amince da 351. An buɗe su ranar 7 ga Afrilu: Franken 198, Coleman 111, wasu 42. Ƙarar da Coleman ya shigar don rage tazara ita ta ƙara ta da 87, ta kai 312. Ranar 13 ga Afrilu alƙalan uku baki ɗaya suka ce Franken ya ci, suka yi watsi da zancen kwafi da na ƙuri'u 133. Ko da an ba Coleman waɗannan biyun, 312 ta fi ƙarfinsu. Ƙidayar hannu ta matsar da lissafi da 264, ambulan sun ƙara 263, kuma na biyun ne ya fitar da sakamakon daga inda gardama za ta iya cim masa.

Ya ɗaukaka ƙara. Ranar 30 ga Yuni kotun ƙolin jiha ta tabbatar da hukuncin, biyar ba ko ɗaya. Alƙalai biyun da suka zauna a kwamitin tantancewa sun janye kansu daga shari'ar. A ranar Coleman ya amince da kaye, gwamna Tim Pawlenty, ɗan jam'iyyarsa, ya sa hannu a takardar shaidar cin zaɓe, aka rantsar da Franken ranar 7 ga Yuli.

Kujera babu kowa

Dokar Minnesota ba ta ba da takardar shaida sai shari'a ta ƙare. Wa'adin Coleman ya cika ranar 3 ga Janairu, don haka wata shida jihar na da sanata ɗaya tak, Amy Klobuchar, ofishinta na ɗauke da koke-koken jama'ar da ya kamata ofis biyu su raba. A Najeriya akasin haka ake yi: wanda hukumar zaɓe ta bayyana shi ake rantsarwa, shari'a na tafiya yana kan kujera, in ya faɗi ya sauka. Kowanne da tsadarsa. Na farko yana barin jama'a babu wakili kuma yana ba wanda ke baya dalilin jan shari'a. Na biyu yana ba wanda watakila bai ci ba albashi da ƙuri'a a majalisa.

Jan lokacin yana da dalili a Washington. A majalisar dattawa sai da ƙuri'a 60 ake rufe muhawara a kai ga jefa ƙuri'a kan doka. Bayan sanata Arlen Specter ya sauya sheƙa zuwa Democrat a watan Afrilun 2009, Franken ne cikon na 60. Ranar 24 ga Disamban 2009 dokar inshorar lafiya ta Obama ta wuce majalisar da 60 da 39, ba rarar ko ɗaya.

Jihar ta gyara dokarta daga baya, kuma gyaran ya bi inda ciwon yake. Tun 2010 kwamiti na musamman a matakin gunduma ko birni ke duba ambulan, ba gajiyayyun ma'aikatan rumfa a ranar zaɓe ba. Ana gwada lambar katin shaida maimakon dogara da kamannin sa hannu. In an ƙi ambulan da sauran lokaci, ana sanar da mai shi a aika masa wata ƙuri'ar. A 2013 an rage tazarar da gwamnati ke biyan kuɗin sake ƙidaya a irin wannan kujera zuwa rubu'in kashi ɗaya cikin 100. Kotu ta sa Coleman ya biya ɓangaren Franken kimanin dala 95,000 na kuɗin shari'a. Daga cikin ambulan 12,000 ɗin nan, 1,284 ne suka shiga lissafi. Sauran, sama da 10,000, sun ninka tazarar fiye da sau talatin, kuma ba a ƙirga ko ɗaya daga cikinsu ba.